Tiyon Silikon Da Na Roba: Kada A Bar Jaki A Daki Taiki

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Minna ta ratsa Chanchaga da Paiko da Lambata har ta fita mahaɗar Dikko, musamman a watan Maris, sa'ad da bazara ta kankama, zafin rana ya doshi digiri 40, kwalta ta yi laushi har tana kama takalmi, ba zai rasa ganin wani abu guda da ya zama kamar alamar hanyar ba, watau mota a gefen titi, bonet a ɗage, tururi yana tashi kamar an buɗe madambaci, direba yana tsaye da tsumma a hannu, fasinjoji sun watsu cikin inuwar kaɗanya, an aiki yaron mota da jarka ya nemo ruwa a ƙauye mafi kusa. In ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi abin da ya faru, amsar da za ka ji kusan kullum ɗaya ce: "Tiyo ne ya fashe." Da wannan magana ake rufe shari'a, a yanke wa tiyo hukunci, a naɗe shi da robar tsohon tif, a ɗura ruwan rafi, a kama hanya, ba wanda ya tsaya ya bincika ko shi ne mai laifin, ko kuwa shaida ne kawai ga laifin da aka daɗe ana aikatawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, wanda wani zai ga bai kai a ba shi fili a jarida ba, shi ne wata muhawara da ta gudana tsakanina da ɗan ƙanena a bazarar da ta wuce. Yaron nan, bayan ya yi shekaru yana tara abin da yake samu, ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, irin 'yar gajeruwar nan mai ƙarfin gudu da samari ke kira motar tsere, wadda ta sha duniya a Turai kafin ta sauka Legas. Kuma tun da ya saye ta, in ya shiga cunkoson Kpakungu ko na shataletalen Mobil da tsakar rana, sai allurar zafi ta dinga hawa har ta kusa shiga ja. Ran nan ya zo mini da wayarsa, ya nuna mini hotunan injinan motocin tsere na Ingila da Japan, an ƙawata su da tiyo shuɗi da ja masu sheƙi, ya ce, "Baffa, maganin abin ke nan. Zan cire na roba duka in sa na silikon, shi ba ya fashewa, ba ya tsufa." Na ce masa to, amma kafin ya aika da kuɗinsa, mu je Ƙetaren Gwari wurin wani dattijon bakanike da na daɗe ina hulɗa da shi, mu ji ta bakinsa.

Dattijon bai yi gaggawar magana ba. Ya bari sai da injin ya huce, sa'an nan ya naɗe murfin ruwa da tsumma ya murɗe shi a hankali, ya tsoma yatsa ya ɗago, sai ga ruwa ja wur mai kauri, kamar wanda aka ɗebo a kududdufin jar ƙasa. Ya juya murfin ya nuna mana robar bakinsa duk ta tsattsage. Ya kwance notuna ya buɗe gidan tamostat, muka tarar da shi wayam, wani ya riga ya cire ya yar. Ya shafa tafin hannunsa ƙarƙashin tiyon sama, ya fito da shi sharkaf da baƙin mai da ke ɗiga daga murfin injin. Daga nan ya dube ni ya ce, "Malam, ko tiyon zinariya aka sa wa motar nan, muddin wannan ruwa ne a cikinta, za ta sake tafasa." Ya juya ga yaron ya ce, "Ɗana, tiyonka ya gaji, gaskiya ne, amma ba shi ya fara ba."

Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne cewa tiyon silikon abu ne mai kyau a muhallinsa, yana da falala da ba mai musunta sai wanda bai san shi ba, amma ga mafi yawan motocin da ke bin titunan Minna, har da motocin tseren samarinmu, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a kashe wa kuɗi, bayan an cika wasu sharuɗɗa masu araha da muka yi watsi da su. Kuma wanda ya fara da shi alhali ya tsallake waɗannan, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Domin a fahimci haka, wajibi ne a fara sanin aikin da tiyo yake yi. Injin mota gida ne na wuta, fetur yana ƙonewa a cikin silinda sau dubbai a minti guda, kuma daga cikin zafin da wannan ƙuna ke haifarwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke zama ƙarfin da ke juya taya, kimanin kashi ɗaya yana fita ta salansa, ragowar kuwa ruwa ne ke ɗauke shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin hanyoyin da aka bari a jikin injin, ya kwaso zafi, ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska da fanka su fifita shi, ya komo ta tiyon ƙasa, haka yake kewayawa ba hutu muddin injin yana aiki. Tamostat shi ne mai tsaron ƙofa, yana rufe hanya har ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon ƙirar motar, sa'an nan ya buɗe. Murfin lagireto kuwa, wanda jama'a ke ɗauka marufi ne kurum, yana da sifirin da ke riƙe matsi na kimanin bar 1, kuma a nan hikimar take, domin ruwan da ke tafasa a digiri 100 cikin buɗaɗɗiyar tukunya ba ya tafasa ƙarƙashin wannan matsi sai wajen digiri 120, in kuwa an gauraya shi rabi da rabi da ruwan sanyaya inji, wanda kanikawa ke kira kulan, sai ya kai wajen 129. Tiyo dai hanya ce a cikin wannan tsari, abin da aka zuba masa shi yake ɗauka, zafin da aka ɗora masa shi yake sha.

Mu mutanen Minna, a cikin dukan jama'ar ƙasar nan, bai kamata a ce ana koya mana sha'anin wuta da ruwa ba. Masu tarihi suna cewa sunan garin ma daga kalmomin Gbagyi ya samo asali, masu nufin watsa wuta. Kuma garin bai bunƙasa ba sai da layin dogo da aka faro daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta nan, layin Legas ya zo ya haɗu da shi, Minna ta zama mahaɗa tun kafin ta zama hedkwatar jiha a 1976. Kan jirgin wancan zamani tukunya ce ta ƙarfe da ake dafa ruwa a cikinta, kuma ma'aikatan reluwe sun san cewa ruwa marar kyau yana barin ƙanzo a jikin tukunyar, ƙanzon ya hana zafi ratsawa, ƙarfe ya ƙone, saboda haka wanke tukunya da lura da irin ruwan da ake ɗura mata suna cikin ƙa'idar aikinsu. Abin da kakanni suka kiyaye a kan jirgi, shi ne jikoki suka sake a kan mota.

Yanzu mu koma ga abubuwan nan biyu da ake gwada fifiko a tsakaninsu. Roba ta asali ƙaron itace ce, irin wadda ake tatsa a gonakin wajen Benin da Sapele, kuma ba ta da amfani sosai, domin tana danƙo cikin zafi tana sandarewa cikin sanyi, sai da wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa in aka dafa ta da farar wuta tana tsayawa a hali ɗaya, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1844. Amma baƙin tiyon da ke cikin motarka yau ba daga itace ya fito ba. Wata roba ce da ake haɗawa daga iskar man fetur, masana suna kiranta EPDM, ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1960, kuma an zaɓe ta ga wannan aiki ne domin tana jure ruwan zafi da kulan da iskar da ke tsattsaga roba. Tiyon da aka yi da ita bisa ƙa'ida yana jure digiri 125, wani nau'insa har 150, alhali ruwan injin mai lafiya yana kaiwa da komowa ne tsakanin 90 da ɗan abin da ya haura 100.

Silikon kuwa asalinsa yashi ne, irin wanda tifa ke kwasowa daga rafi, domin daga sinadarin da ke cikin yashi ake fitar da tushensa. Wani malamin kimiyya Bature, Frederic Kipping, na Nottingham a Ingila, shi ya raɗa masa suna a 1901. Eugene Rochow ya gano hanyar sarrafa shi da yawa a Amurka a 1940. Aka kafa kamfanin Dow Corning mai sarrafa silikon a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma aikinsa na farko a jiragen saman yaƙi ne. Falalarsa babba ita ce haƙuri da zafi, domin tiyon silikon na ƙwarai yana jure digiri 175, ba ya bushewa, ba ya tauri saboda tururin injin, yana iya daɗewa ƙwarai bai canja hali ba. Ana naɗa shi ne hawa-hawa, silikon da saƙaƙƙen zare, hawa uku ko huɗu ko biyar. Saboda haka masu motocin gasa, waɗanda injinsu ke kururuwa sa'o'i a ƙarshen ƙarfinsa, da masu injin turbo, inda tiyo ke maƙwabtaka da ƙarfen da ke yin ja don zafi, da wasu masu manyan motocin dogon zango, suna da hujja mai ƙarfi ta zaɓensa, ni kuma ba na jayayya da su.

Sai dai adalci ya hukunta cewa wanda ya faɗi falala ya faɗi aibi, masu talla kuwa ba su cika faɗa ba. Aibi na farko shi ne silikon yana zufa. Kowa ya san tulun ƙasa, yadda ake cika shi da dare a wayi gari ya ragu ba tare da ya tsage ba, domin ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa. Haka tururin ruwa ke ratsa jikin silikon ninki-ninki fiye da yadda yake ratsa roba, ruwan injin ya dinga raguwa a hankali ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Mai motar gasa yana duba ruwansa kafin kowace fita, wannan bai dame shi ba. Amma wanda yake yin wata biyu bai ɗaga bonet ba, ya jawo wa kansa sabuwar ƙofar asara. Na biyu, silikon ba ya shiri da baƙin mai da fetur, suna kumbura shi su lalata shi, sai nau'in da aka yi wa shafe na musamman a ciki. Robar EPDM ma haka take, watau injin da ke yoyon mai zai ci kowane tiyo aka ba shi. Na uku, fatarsa tana da saurin yagewa, kilif ɗin nan na kasuwa mai huji-huji, wanda ake ɗaurewa da sukundireba, yana yanka shi kamar reza, dole sai an nemi kilif mai sumul a ciki ko mai sifirin. Na huɗu, roba takan manne wa bakin ƙarfe da daɗewa har sai an ɓamɓare ta, silikon kuwa ba ya mannewa, saboda haka da asubar hunturu, sa'ad da ƙarfe ya tsuke, yakan yi ɗigo a bakin mahaɗa in ba a sake ɗaure shi ba.

Akwai kuma abu na biyar, wanda ya fi shafar irin motar ɗan ƙanena. A zamanin da Peugeot 504 ke fitowa daga masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, lagireto na tagulla ne da jan ƙarfe, in ya huje mai lagireto ya liƙe shi da dalma a ci gaba da tafiya. Motocin yau kuwa lagiretonsu alminiyam ne mai kawunan filastik, tankin ajiyar ruwa filastik, bakunan da tiyo ke shiga su ma sau da yawa filastik, kuma filastik ɗin da ya shekara goma sha biyar yana shan zafi yakan zama kamar ƙwaryar da ta bushe. In ka ɗaura sabon tiyo mai ƙarfi a kan tsohon bakin filastik, ka matse kilif, ba ka kawar da rauni ba, ka matsar da shi ne taƙi ɗaya gaba. Ranar da matsi ya yi yawa, a nan zai ɓalle.

To, mene ne ainihin cutar? Ta farko ruwa. Mafi yawanmu ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ko fiya wata muke ɗura wa lagireto, muna cewa kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ba mu da ƙanƙara. Wannan ƙiyasi ne da bai cika ba, domin hana daskarewa ɗaya ne daga cikin ayyukan kulan. Yana ɗaga matakin tafasa, yana kuma ɗauke da magungunan da ke hana tsatsa da cin alminiyam. Ruwa zalla yana sa baƙin ƙarfe tsatsa, gishirin da ke cikinsa yana barin ƙanzo irin wanda ake gani a tukunyar mai shayi, ƙananan bututun lagireto su toshe. Har ila yau, in ruwan ya gurɓace, ƙarafa daban-daban da ke jiƙe a cikinsa sukan zama kamar raunanan batir, wata 'yar wutar lantarki ta dinga bi ta jikin tiyo tana tsattsaga shi daga ciki, kusa da bakunansa, alhali bayansa yana nan sumul. Wannan ne dalilin da ya sa direba yakan rantse cewa jiya tiyonsa lafiya lau yake. Ta biyu cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, wanda ya zama kamar al'ada ga duk motar da ta shigo daga Turai. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa, a wasu injina kuma ruwan yakan sami gajeriyar hanya ya kewaye lagireto, zafin da ake gudu ya auku. Ta uku murfin da sifirinsa ya mutu, wanda kuɗinsa bai kai na cika tanki ba, amma shi ke mayar da ruwa ya tafasa tun bai kai inda aka tsara masa ba. In allura ta shiga ja aka ci gaba da tafiya, kan injin na alminiyam ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, hayaƙin silinda ya shiga hanyar ruwa ya kumbura tiyo, sa'an nan a ce tiyo ne ya fashe.

Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ba a gabatar da nafila a kan farilla, kuma wannan tarbiyya ce ta hankali da ke da amfani har a gareji. Farillan tsarin sanyaya inji su ne tsabtataccen lagireto, da kulan na ƙwarai da aka gauraya da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, da tamostat mai aiki, da murfi mai riƙe matsi, da fanka da fanbel masu lafiya, da toshe yoyon mai, da sauya duk tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi ko ya bushe. Bayan waɗannan, tiyon silikon abin so ne ga mai turbo da mai shiga gasa ta gaskiya a filin da aka keɓe, halal ne ga mai sha'awa da ke da hali kuma zai iya duba ruwansa kowane mako. Amma ga wanda zai ranci kuɗi ya saye shi domin a ɗaga bonet a wurin biki a ga shuɗi, alhali jan ruwa yana cikin injinsa, ina jin tsoron abin ya shiga babin israfi.

Wani zai ce kuɗinsa ne, motarsa ce, ina ruwan mai rubutu. Amsata ita ce mota ba ta tafiya a ɗakin mai ita, a kan hanyar jama'a take tafiya. Motar da ta mutu da magariba tsakanin Zungeru da Tegina, ko a kwanar da tirela ke gangarowa, ta jefa iyalin mai ita da sauran matafiya cikin haɗari, kuma kiyaye rai da kiyaye dukiya suna cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Wani kuma zai ce kulan yana da tsada ga mai haya da ke neman na cefane, kuma wannan uzuri ne da nake girmamawa, domin na san halin da direbobin tasha ke ciki. Amma a auna kuɗin galan ɗaya da zai yi shekara biyu ko fiye, da kuɗin sauke kan inji da kai shi wurin mai gogewa da sayen gasket da kwana uku ba lodi. Kanikawa ma suna da uzurinsu, domin sau da yawa tamostat ɗin da ke kasuwa jabu ne, yakan maƙale a rufe ya dafa inji, sai bakanike ya ga cirewa ta fi masa kwanciyar hankali.

Wannan ya kawo mu ga kasuwa, inda cutar ta fi tsanani. Kayan gyara suna zuwa mana daga Ladipo a Legas, da Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, a cikinsu akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, akwai kuma kayan da aka rina shuɗi aka kira su silikon alhali ba su haɗa komai da shi ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu tun ƙarnuka, ya haramta algus da ɓoye aibin haja a babin ciniki, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Mai saye yana iya kare kansa da abubuwa biyu masu sauƙi: ya dubi yankakken bakin tiyon ya ƙirga hawan zaren, in bai ga zare ba ya ajiye, ya kuma yanki ɗan ƙanƙanin ɓalli ya kunna masa ashana, domin silikon na gaskiya yana barin farar toka, roba kuwa baƙin hayaƙi take yi. Kuma tiyon roba na ainihi, wanda aka lanƙwasa daidai da ƙirar motar, ya fi silikon na jabu nesa ba kusa ba, ya kuma fi tiyon gwanjo da aka ciro daga injin da ya girmi direban.

Ina kira ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da injiniyoyi da ɗakunan gwaji a Gidan Kwano da Bosso. Zai zama hidima mai lada in ɗalibanta suka auna ruwan rijiyoyin unguwanninmu da tiyoyin da ake sayarwa a garin nan, suka bayyana sakamakon da Hausa da Nufanci da Gbagyi a rediyo, yadda direba zai ji. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana iya shirya wa yaran gareji bita a kan tamostat da murfi da kilif, domin yaron da aka koya wa cirewa yau shi ne maigidan gareji na gobe. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971 domin kula da ingancin kaya, ita ke riƙe da aikin da magabata ke kira hisba a kasuwa, kayan sanyaya inji kuwa sun cancanci kulawarta kamar taya. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da ke aiki tun 1988, in ta shiga tasha wa'azin gudu da lodi, ta ƙara da maganar ruwa. A kuma gargaɗi kowa da abu biyu: kada a buɗe murfi injin yana da zafi, domin tafasasshen ruwa yakan yi tsalle ya saluɓe fuska da hannu, kada kuma a bar kulan a buɗe ko a zubar da shi a tsakar gida, domin yana da zaƙi kuma guba ne ga yaro da akuya.

Ɗan ƙanena bai ji daɗin hukuncin dattijon ba a ranar, amma ya bi. Aka wanke lagireto har ruwa ya fito garau, aka sa tamostat da sabon murfi, aka sauya tankin filastik da ya fara tsagewa, aka toshe yoyon mai, aka sa baƙin tiyo na ainihi, aka zuba kulan, kuma duka bai kai abin da ya yi niyyar kashewa a kan silikon ba. Bayan mako biyu ya ɗauke ni zuwa Bida da azahar, muka wuce Gidan Kwano, muka wuce Kataeregi, rana tana dukan gilashi, ni kuwa idona yana kan allura, tana tsaye a tsakiya ba ta motsa ba. Da muka isa ya ce, "Baffa, har yanzu fa ina son shuɗin nan." Na ce masa ranar da ya saba ɗaga bonet kowace Asabar ba tare da an tuna masa ba, ya saya, ni zan raka shi.

Ga mai karatu kuwa, roƙona ɗaya ne. Gobe da safe, kafin ka tayar da mota, injin yana sanyi, ka buɗe murfin ruwa ka tsoma yatsa kamar yadda dattijon nan ya yi, ka dubi launin abin da ya biyo yatsanka. Sa'an nan ka matsa tiyon sama da na ƙasa kusa da bakunansu, ka ji ko sun yi laushi kamar nunanniyar ayaba ko sun yi tauri kamar itace. Abin da ka gani shi zai gaya maka inda ya kamata kuɗinka su fara zuwa. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya.